Baki nata, magana ta wani

Ranar wata Asabar da la'asar 'yar ƙanwata ta shigo gidana a Tudun Wada da waya a hannu, tana ta murna. Tana aji uku a jami'a a Samaru, kuma tun tana sakandare take son wasan kwaikwayo. Wasu samari da ke shirya fim mai dogon zango don ɗorawa a YouTube ne suka kira ta, za su ɗauki wani ɓangare a cikin birni, wani kuma a wajen Shika. Ta miƙo mini wayar in ga abin da aka turo mata. Shafi ɗaya ne, layi shida, ita da wata mata a tsakar gida suna aibata wani mutum da ba a faɗi sunansa ba.

Na ce, "To, ina sauran labarin?"

"Kawu, ai fitowa biyu ce kawai. Darakta ya ce in mun je lokeshan zai yi mana bayani."

"Shi wannan da kuke zagi, wane ne?"

Ta sake duba wayar, ta yi shiru. Ba ta sani ba.

Ban hana ta ba, don sana'a ce kamar kowace, kuma na ga tana da basirar. Na dai ce ta zauna in ba ta labarin wata mata da ita ma ta taɓa cewa fitowa kaɗan ce kawai. Kusan duk wanda ya kai shekara ashirin da biyar a Zariya ya san rabin wannan labari. Ɗaya rabin ne ba a cika sani ba, kuma shi ya shafi duk mai tsayawa gaban kyamara.

A watan Yulin 2011 wata 'yar wasa mai suna Cindy Lee Garcia, mazauniyar jihar Kalifoniya a Amurka, ta amsa wata sanarwar neman 'yan wasa. Sunan fim ɗin a sanarwar Desert Warrior, aka ce labarin jarumta ne a ƙasar Larabawa ta zamanin da. Ita ba shahararriya ba ce, tana cikin masu bin ƙananan ayyuka suna rufa wa kansu asiri. Aka ba ta shafuka huɗu na rubutaccen labarin, iya inda take ciki. Ta yi kwana uku da rabi a wajen ɗauka, aka biya ta kimanin dala 500. A matsayin uwa ta fito, tana tambaya cikin damuwa ko wani mai suna George ya haukace ne, alhali 'yarsu ƙaramar yarinya ce. George ɗin nan shi ne jigon labarin a takarda. Ta karɓi kuɗinta ta koma gida.

Kusan shekara guda bayan haka wani guntun bidiyo na kusan minti 14 ya bayyana a YouTube, wanda daga baya duniya ta san shi da sunan Innocence of Muslims. A wajen haɗa hoto an cire sunan George daga bakin 'yan wasan, an ɗora wasu kalmomi a kan motsin leɓunansu, an mayar da labarin kacokan ya zama cin mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ba zan maimaita abin da aka sa a bakin wannan mata ba, hannuna ba zai iya rubuta shi ba. Duka-duka daƙiƙa biyar ta fito a bidiyon. A cikin daƙiƙa biyar ɗin aka zuba ɗaya daga cikin kalamai mafi muni.

A farkon Satumbar 2012 aka fassara shi zuwa Larabci, wani gidan talabijin a Masar ya nuna wani yanki nasa, ranar 11 ga wata kuma masu zanga-zanga suka hau katangar ofishin jakadancin Amurka a Alƙahira. Daga nan wuta ta kama ko'ina, gomman rayuka suka salwanta a ƙasashe daban-daban. A Jos sojoji sun yi harbi sama don tarwatsa jama'a bayan sallar Juma'a. A Kano dubun dubatar mutane suka fito ranar 22 ga Satumba. Pakistan ta rufe YouTube gaba ɗaya, ba ta buɗe ba sai Janairun 2016. Mu nan Zariya, daga teburin mai shayi a Kwangila har majalisun Ƙofar Doka, ba a wata magana sai wannan. Yawancinmu ba mu kalli bidiyon ba, ba ma kuma son kallonsa. Muna cewa "waɗanda suka yi fim ɗin", mun dunƙule su wuri guda muna tsine musu. Da ni a cikin masu faɗar haka, kuma har yau ɓacin ran da na ji a lokacin yana nan. Abin da ban sani ba shi ne, a cikin waɗanda na dunƙule akwai mai laifi, akwai kuma waɗanda aka yi wa zamba.

Mai laifin shi ne furodusan, Nakoula Basseley Nakoula, haifaffen Masar mazaunin Kalifoniya, wanda takardun kotu suka kira Mark Basseley Youssef. Ga 'yan wasa da 'yan jarida Sam Bacile ya ce sunansa. Ya shaida wa manema labarai cewa shi Bayahude ne ɗan Isra'ila, kuma wai Yahudawa ɗari ne suka tara masa dala miliyan 5. Duk ƙarya ce. Bakibɗe ne, wato Kiristan Masar, kuma shugabannin cocin Kibɗawa sun fito sun la'anci fim ɗin, abin da ya kamata mu riƙe, mu da muke zaune da maƙwabta Kiristoci a Wusasa da Sabon Gari. An taɓa ɗaure shi a 2010 kan damfarar banki, aka sake shi bisa sharaɗin kada ya yi amfani da sunan bogi, kada kuma ya hau intanet sai da izini. Karya sharuɗɗan sakin ne ya sa aka kama shi ranar 27 ga Satumba, 2012, aka yanke masa shekara guda a watan Nuwamba. A kan abin da ke cikin fim ɗin kuwa, dokar Amurka ba ta hukunta shi ba.

Tun a makon farko 'yan wasa da ma'aikata kusan 80 suka fitar da sanarwa tare, suka ce an yaudare su, an ci amanarsu, kuma ba sa goyon bayan fim ɗin ko kaɗan. Masu kunnen sauraro ma sun tabbatar da hakan, domin duk inda aka zo ambaton suna ko addini, sai a ji murya ta sauya, ba ta dace da bakin mai magana ba. Amma sanarwa ba ta gudu kamar bidiyo. Wani malami a Masar ya ba da fatawa a kan duk wanda ke da hannu a fim ɗin, Garcia ta fara samun saƙonnin barazanar kisa. Mutumin da ya ƙulla abin ya ɓuya a bayan sunan da ba nasa ba, ita kuwa fuskarta ce a waje. An bar jaki ana dukan taiki. Alƙur'ani ya faɗa, ya kuma maimaita, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma ban ga ta inda matar da aka sace wa baki za ta ɗauki zunubin kalmar da ba ta furta ba.

Sai ta tafi kotu, kuma a nan ne lamarin ya zama abin nazari.

Ta fara da kotun jiha a Los Angeles a watan Satumba, tana ƙarar zamba da ɓata suna, tana roƙon a sauke bidiyon. Alƙali ya ƙi. Kamfanin Google, mai YouTube, ya toshe bidiyon a Masar da Libiya, amma ya ce bai saɓa wa ƙa'idojinsa ba, don haka ba zai cire shi gaba ɗaya ba, ko da fadar shugaban Amurka ta nemi ya sake dubawa. Dokar Amurka tana kare irin waɗannan dandali daga yawancin ƙararraki kan abin da wani ya ɗora. Ƙofa guda da ta rage a buɗe ita ce ta haƙƙin mallaka. Lauyoyinta suka bi ta nan: suka ce wasan da ta yi na daƙiƙa biyar, motsinta da yanayin fuskarta, aikin fasaha ne mallakinta, kuma izinin da ta bayar na wani fim ne daban. Kotun tarayya ta farko ta ƙi ba ta umarnin wucin gadi a ƙarshen Nuwambar 2012. A daidai wannan lokaci aka fito da wata takarda da aka ce ta sa wa hannu ta sallama haƙƙinta. Ta ce sa hannun jabu ne, ta kawo masanin rubutun hannu. Ku lura da wannan, domin za mu dawo kansa: matar da ke faɗa da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya ba ta riƙe da wata takarda tata da ke faɗin abin da aka yi alkawari.

A Fabrairun 2014 ta samu nasara. Alƙalai uku na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, Shiyya ta Tara, suka zauna, biyu suka goyi bayanta. Babban alƙalin kotun na lokacin, Alex Kozinski, shi ya rubuta hukuncin. Hujjarsa mai sauƙi ce: ɗan wasa ba allo ba ne da ake rubutu a kansa, yana kawo nasa cikin aikin, kuma izinin da aka karɓa da ƙarya, aka yi amfani da shi a abin da ya yi hannun riga da alkawari, ba izini ba ne. Aka umarci Google ya sauke bidiyon cikin sa'a 24. Ya sauke.

Nasarar ta yi wata goma sha biyar. Ranar 18 ga Mayu, 2015, alƙalai goma sha ɗaya na wannan kotu suka sake zama, goma suka rushe umarnin, Kozinski kaɗai ya tsaya a kan bakansa. Mai shari'a Margaret McKeown ce ta rubuta ra'ayin masu rinjaye. Sun ce sun tausaya mata, amma ta shigo ta ƙofar da ba tata ba. Ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka ya riga ya ƙi yi mata rajista, yana cewa fim abu ɗaya ne dunƙulalle, ba a yanka shi gunduwa-gunduwa kowane ɗan wasa ya riƙe tasa. Ba ita ta ɗauki hoton ba, ba ita ta adana shi ba. Barazanar kisa cuta ce ta gaske, amma ba irin cutar da dokar haƙƙin mallaka ke magani ba ce. Sannan tsarin mulkin Amurka yana matuƙar ƙyamar a toshe magana kafin a gama shari'a.

Na daɗe ina juya wannan hukunci. A matsayina na Musulmi, da so samu ne bidiyon ya ɓace daga doron ƙasa, kuma ranar da na ji an rushe umarnin raina ya ɓaci. Amma in na ajiye zuciya na dubi hujjar, tana da ƙafafu. Ɗauki fitowar biki a fim ɗin Hausa, mata hamsin a tsakar gida, da masu guɗa, da 'yan amshi. In kowace tana da ikon tsayar da fim saboda daƙiƙunta, to duk wadda ta yi faɗa da furodusa kan kuɗin mota za ta iya rufe aikin mutum ɗari. Babu sana'ar da za ta rayu a haka. Abin da ke ci mini rai shi ne inda wannan hujja mai kyau ta ajiye macen da kowa, har alƙalan, ya yarda an zalunce ta. An ce mata ta koma ta kama wanda ya yaudare ta, mutumin da ya fito daga kurkuku, wanda ko ta ci shi a shari'a ba zai iya janye abin da ya riga ya bazu a wayoyin duniya ba. Magana zarar bunu ce. Ta fim ta fi, domin ita ana kwafarta.

'Yan wasa masu barranta da finafinansu suna da yawa, amma ba gida ɗaya suka fito ba. A 2013 Jim Carrey ya janye daga tallata wani fim da ya fito a ciki, ya ce an ɗauke shi wata guda kafin kisan yara 'yan makaranta a Sandy Hook da ke Amurka, kuma bayan abin da ya faru zuciyarsa ba za ta goyi bayan irin wannan zubar da jini ba. A 2018 Viola Davis ta ce ta yi nadamar wani fim na 2011 kan baƙaƙen mata 'yan aikin gida, domin a ƙarshe ba muryar matan aka ji ba. Waɗannan sun karanta labari, sun sa hannu, sun karɓi kuɗi mai kauri, daga baya ra'ayinsu ya sauya. Ina girmama wanda ya iya cewa na yi kuskure, sai dai nadama ce, kuma mai nadama yana da rabonsa a cikin aikin. Garcia ba nadama ta yi ba, ƙarar sata ta kai. A Amurka ma, daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 2000, daraktan da aka lalata wa aiki yana iya neman ƙungiyarsu ta cire sunansa a sa Alan Smithee, sunan da ba na kowa ba. Ɗan wasa ba shi da wannan mafita. Ana goge suna, ba a goge fuska.

Shin Garcia tana da nata sakacin? Ina ganin tana da ɗan kaɗan. Wanda aka ba shi shafi huɗu, a ciki uwa tana kuka kan ƙaramar 'yarta da wani babban mutum, ya kamata ya tambayi ina labarin ya dosa. Amma ko ta tambaya ƙarya za a faɗa mata, tunda takardar kanta George ta ce. Kuma na san abin da ke rufe bakin ƙaramin ɗan wasa: in ya cika tambaya, akwai goma a bayansa da za su yi shiru su karɓi aikin.

Wannan ne ya dawo da ni kan shafi ɗayan da ke wayar 'yata. A wajenmu zuwa lokeshan ba tare da an ga cikakken labari ba abu ne da aka saba. Darakta ya tsaya ya ce, ke kishiya ce, ke kuma uwar miji, ku yi faɗa, a kunna kyamara. A zamanin su marigayi Ƙasimu Yero, gidajen talabijin ƙalilan ne, kowa ya san kowa, wanda ya ɗauki hoto da wanda ya haɗa shi duk a gini ɗaya suke, amana tana da wurin zama. A dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wannan da aka gina da ƙasa a shekarun 1970, inda ita kanta ta taɓa hawa, abin da ya fito daga bakinka shi ne ya shiga kunnen mai kallo, babu kowa a tsakani. Fim ba haka yake ba. Bayan ɗan wasa ya tafi gida, wani ne zai zauna da kwamfuta shi kaɗai ya yanke abin da aka faɗa. Mu da muke kallon fassarar Indiya-Hausa kullum, muna ganin Ba'indiye yana zuba karin magana da Hausar Kano, bai kamata a ce sai an yi mana bayanin cewa ana iya ɗora wa mutum maganar da bai yi ba. A 2012 sai da aka nemo wata murya, har masu lura suka gane. Yanzu manhaja tana kwaikwayon muryarka kai kanka. Wannan na cikin abin da ya sa 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, har aka rubuta musu cewa sai da izininsu za a ƙirƙiri kamanninsu da na'ura.

Ka duba kuma ƙasar da muke. Layi shida na zagin wani da ba a ambata ba, in aka saka su bayan hoton wani malami, ko basarake, ko wata ɗariƙa, ko ɗan takara, sun zama wani abu daban, kuma a Zariya ba sai na faɗa wa kowa inda irin wannan kan kai ba. Wanda zai sha dukan kuwa an san shi. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa, MOPPAN, ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa, ta fito ta ba da haƙuri. Ita ba yaudararta aka yi ba, lamarinta daban ne, amma ya nuna inda hukunci ke sauka: sunan da aka riƙe nata ne, na wanda ya tsara bidiyon ba kowa ya tambaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A takarda, ɗan wasan Nijeriya ya fi Garcia madogara. A watan Yunin 2012, daf da lokacin da bidiyon nan ya hau YouTube, ƙasashe suka amince da yarjejeniyar Beijing kan haƙƙin masu wasa a fim. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2017, ta fara aiki a Afrilun 2020, Amurka kuwa ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Sashe na 5 ya ba ɗan wasa damar ƙin amincewa da duk wani sauyi da zai ɓata masa suna, ko da ya sallama sauran haƙƙoƙinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ita ma ta ware ɓangare guda ga masu wasa. Sai dai bayanin da aka haɗa da yarjejeniyar ya ce yanka da ɗora murya na yau da kullum, a cikin aikin da ɗan wasa ya yarda da shi, ba su kai a kira su sauyi ba. Ke nan komai ya koma kan tambaya guda: da me ka yarda? In babu rubutu, bakinka ne da bakin furodusa, kuma kafin alƙali ya saurare ku bidiyon ya gama zagaya WhatsApp.

Abin da na ce wa 'yata ke nan. Ta nemi a turo mata labarin, ko aƙalla taƙaitaccensa daga farko har ƙarshe, ta san wane ne mutumin da take zagi. A rubuta sunan fim ɗin, a rubuta cewa ba za a ɗora wata murya a fuskarta ba, ba kuma za a ɗauki fitowarta a kai wani aiki ba sai ta yarda. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, ta riƙe kwafinta. Rabin shafi ya isa.

Ta ce, "Kawu, za su ce ina da girman kai. Manya ma ba sa neman wannan."

Na ce mata aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, tsakanin Musulmi da ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya ce rashin yarda ne. Fuskarta da muryarta za ta ba su aro, kuma ba su da ranar dawowa.

A gabana ta rubuta saƙon, na gyara mata kalma biyu don kada ya yi kaushi, ta tura. Washegari furodusan ya turo mata kashi uku na farko. Mutumin da ake zagi ashe wani mijin maƙwabciya ne a labarin, wanda ya cinye sadakin 'yarsa. Kan maganar takarda kuwa ya ce ba a taɓa tambayarsa ba, sai ya yi shawara da abokan aikinsa. An sa ranar Alhamis don fara ɗauka. Jiya da daddare ta kira ni ta ce har yanzu bai amsa ba, kuma ta faɗa masa ba za ta hau mota zuwa Shika ba sai ta gani a rubuce.